Injin Japan, Giyabos ɗin Faransa: Waiwaye Kan Kanikancin Treichville da Adjamé

A shekarun da suka biyo bayan 'yancin kan Kwaddibuwa a 1960, motar Faransa ce ke sarautar titunan Abijan. Peugeot 404, wadda ta fito a wannan shekarar, da ƙanwarta 504 ta 1968, su ne motocin haya da na gida. Renault mil-kilo da Saviem SG2 kuwa su ne gbaka na farko, wato ƙananan motocin fasinja na haya, masu cike gurbin da bas-bas ɗin SOTRA suka bari. Iyayenmu da ke kasuwanci a Belleville ta Treichville da waɗannan motoci suka ci abinci. A-kori-kura ce ke kwaso buhunan albasar Galmi daga inda manyan motoci suka sauke su, ita ce kuma ke tsallake gadar Houphouët-Boigny zuwa Adjamé, ko ta miƙa har Anyama ɗauko goro. Ranar da mota ta kwanta, cefanen gidaje da yawa ya kwanta.

Inji shi ke fara gajiya. Zafi, lodi fiye da ƙima da cunkoson Adjamé su ke cinye shi. A canza ringi, a gyara silinda, a sassaƙe karanshaf, har a kai inda babu sauran abin sassaƙa. Giyabos kuwa, muddin bai rasa mai ba, yakan binne inji ya tsaya da ƙafarsa. Da can sai a nemo wani injin Peugeot a ɗora. Watan Janairun 1994 ne ya sauya lissafi, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk wani ƙarfen da ke zuwa daga Turai ya yi tashin gwauron zabo. A 1996 gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da tsofaffin motoci, tsofaffin injina su ma suka yi ta kwararowa ta tashar jiragen ruwa zuwa kasuwar kayan gyara ta Adjamé, wadda kowa ke kira kas.

A nan masu mota suka san injinan gas na Japan: 2C, 2L da 3L na Toyota, TD27 na Nissan, 4JB1 na Isuzu. Suna da juriya, kayansu na samuwa, ga gas ya fi fetur araha. Mai tambaya zai ce, me ya hana a sayo injin tare da giyabos ɗinsa a huta? Da fari dai kuɗi. Na biyu, injina da yawa daga motoci masu giyar otomatik aka ciro su, direban haya kuwa a wancan zamani ba ya yarda da giyar da ba hannunsa ke sa ta ba, balle motar da ba a iya tayar da ita da turi. Na uku, ginin motar kansa. A 404 da 504 na fasinja, farfela tana cikin wani bututu ne da aka ɗaure a bayan giyabos har zuwa aksul. Wanda ya taɓa giyabos ya tono aikin da zai kai shi ƙafafun baya. Barin sa a mazauninsa, a jawo baƙon inji ya same shi, shi ne ya fi sauƙi.

Sauƙin nan fa a baki ne. Bayan injin Toyota da ƙoƙon giyabos ɗin Peugeot ba su da ramin noti ko ɗaya da ya dace da ɗan'uwansa. Sai bakanike ya shafa baƙin mai a fuskar kowannensu, ya manna kwali, hoton ramukan ya fito. Da wannan kwali ake zuwa wurin mai yankan ƙarfe a fitar da faranti mai kauri wanda zai shiga tsakani, gefe ɗaya ya kama inji, ɗaya ya kama giyabos. Injin fetur na Peugeot a kishingiɗe yake zama, da karkatar digiri 45, na Japan kuwa kusan a tsaye. Saboda haka dole a juya zanen ramukan daidai gwargwado, in ba haka ba sandar giya ta fito a karkace, ko kan inji ya tokare bonet.

Amma zuciyar aikin duka tana wuri guda: tsakiyar karanshaf da tsakiyar sandar giyabos su hau layi ɗaya. Kuskuren da aikin ke iya haƙuri da shi bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba. Nan ne turna, mai injin sassaƙar ƙarfe, yake shigowa. Shi zai sassaƙa ɗan bushin na tagulla da za a dasa a gindin karanshaf domin kan sandar giyabos ya samu wurin zama, tunda injin da ya fito daga motar otomatik ba ya zuwa da shi. Shi zai huda ramukan 'yan turaku biyu da ke riƙe faranti kada ya gusa, domin noti matsewa kawai yake yi, ba ya saita tsakiya. Filawil da murfin kuloci na inji ne, amma faifan kuloci tilas haƙoran cibiyarsa su dace da sandar giyabos. Idan faɗin bai zo ɗaya ba, sai a cire cibiyar faifan Peugeot a dasa ta a jikin na Toyota. Kaurin farantin tsakani ya nesanta inji da giyabos, don haka a sake auna tazarar boris ɗin kuloci. Sannan kik ya samu haƙoran filawil, a yi waldar sabuwar kujerar inji, a gyara kwanon baƙin mai inda ya taɓa ƙarfen ƙasa, a sauya hanyar salansa da robobin lagireto.

Garejin da na sani a bayan kasuwa na wani dattijo ne, yaransa kuwa akwai Jula, akwai Mosi, akwai 'ya'yan Hausawa da iyayensu suka kai koyon sana'a. Ba ya bari a matse notin ƙarshe sai ya ga giyabos ya shige da turin hannu. Idan yaro ya gaji ya ce, "Maigida, saura kaɗan, bari in ja shi da noti," sai ya amsa, "A'a, ɗana. Abin da ya ƙi shiga da lalama, a hanya zai fito da faɗa. Sauke shi mu sake aunawa." Gaskiyarsa ce. Haɗin da aka tilasta yakan yi lafiya 'yan makonni, daga nan kuloci ya fara karkarwa, giya ta riƙa fita da kanta, boris ɗin gaba ya ci kansa, mota ta tsaya da lodin mutane a tsakiyar gada.

Ba kowane haɗi ne ya yi albarka ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Injin gas ba ya juyawa da sauri kamar na fetur, don haka motar da aka bar mata giyarta ta asali takan yi ta kuka a babbar hanya ba ta gudu. Ƙarfin murɗawarsa kuma ya fi yawa, yana iya karya haƙoran giyabos ɗin da ba a yi shi domin wannan nauyi ba. Ya fi nauyi, yana danne gaban mota. Ba ya samar da zuƙar iskar da ke taimakon birki sai an haɗa masa famfonta, kuma wanda ya yi sakaci da wannan ya yi wasa da rayukan fasinja. Ga batun takardu, domin mota ta sauya mai da ƙarfi alhali katinta na faɗin wani abu dabam, ranar zuwa duba lafiyar mota a SICTA kuwa tana nan tafe. Masu kiran aikin haɗin gambiza suna da hujjarsu a kan 'yan ha'inci. Sai dai laifin na gaggawa ne da son araha, ba na ilmin ba.

Abin da ya rage kasuwar wannan aiki shi ne yalwa. Tsofaffin motocin Turai da ake wa laƙabi da Faransa-sai-wata-rana sun cika gari, sayen wata motar ya fi haɗa inji sauƙi. Corolla mai jan gaba ta mamaye tasi da woro-woro, wato tasin haɗaka, injinta da giyarta a dunƙule suke, a kwance, babu filin dabara. Daga baya kwamfuta ta shiga inji, ba ya tashi sai ya ji saƙon na'urorin gidansu. Tun Yulin 2018 kuma doka ta hana shigo da ƙaramar motar da ta haura shekara 5. Matashin bakanike na yau ya ƙware a na'urar gano matsala da musanya kaya, wannan ma ilmi ne, amma kaɗan ne a cikinsu aka taɓa sa su auna tsakiyar sanda da hannunsu.

Abin da ke damuna shi ne waɗancan dattawa suna ƙarewa ba tare da an rubuta ko shafi ɗaya daga abin da ke kansu ba. Irinsu na nan a Suame ta Kumasi, da Katako ta Yamai, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da Panteka ta Kaduna, kuma ilmin nasu bai tsufa ba. Tun 2020 Faransa ta halatta cire injin tsohuwar mota a sa mata na lantarki, kuma ɗaya daga hanyoyin yin hakan ita ce a bar giyabos ɗin hannu, a haɗa shi da sabon injin ta farantin tsakani, tsakiya ta hau tsakiya. Ranar da wannan aiki ya iso garuruwanmu, hannun da ya iya wancan shi zai iya wannan. Ya kamata makarantun koyon sana'a da ƙungiyoyin makanikai su nemo turnonin da suka rage, su ba su aji da albashi, a auna farantansu a zana su a takarda, a kuma kafa ƙa'idar birki da takardu da kowane haɗi zai cika kafin ya hau titi. Mu 'ya'yan fataken da waɗannan motoci suka ciyar, mu ya fi cancanta mu fara kai wannan magana gaban shugabannin ƙungiyoyinmu tun masu ilmin suna da rai.