Gibin da ke Tsakanin Hujja da Hukunci

Sau biyu wani ma'aikacin banki a Gusau, ɗan asalin 'Yandoton Daji, ya zauna jarrabawar GMAT, wadda makarantun koyon harkokin kasuwanci da yawa ke nema kafin su ɗauki ɗalibin digirin MBA. Sau biyun kuma wuri guda ya kayar da shi. Lissafi bai taɓa ba shi wahala ba, sashen auna magana ne ya tsaya masa a wuya. Kuɗin jarrabawar da dala ake biya, albashinsa kuwa naira ne, kuma tallafin karatun da yake hari yana da wa'adi. Zama na uku shi ne na ƙarshe da aljihunsa zai iya ɗauka.

Da farko ya ɗora laifin a kan Turancinsa. Ya sayi ƙamus, ya cika littafi guda da kalmomi masu wuya, yana haddace su bayan sallar asuba, amma makinsa a gwaje-gwajen gida bai motsa ba. Tsarin jarrabawar ma ya isa ya nuna masa dalili. Tun da aka fito da sabon salonta a Nuwamba 2023, an cire tambayoyin gyaran jimla gaba ɗaya. Abin da ya rage a sashen shi ne tambayoyi 23 cikin minti 45, iri biyu kacal: fahimtar nassi da tantance hujja, ana ba da maki daga 60 zuwa 90. Mai haddar kalmomi yana shiri ne domin abin da ba za a tambaye shi ba.

A wani ƙarshen mako ya bi hanyar Tsafe ya je gida gaida baffansa, malamin zaure wanda bai iya Turanci ba. Cikin hira ya fassara masa wata tambaya da ta kayar da shi, ya mayar da ita kasuwar hatsi domin dattijon ya gane. Wani ɗan kasuwa ya rage farashin buhun gero, a watan nan cinikinsa ya ninka, saboda haka ragin ne ya jawo masa masu saye. Wace magana ce za ta fi raunana wannan?

Dattijon ya ce, "Wane wata ne?"

"Ba a faɗa ba, Baffa."

"To, ka ga inda ya ɓoye ke nan, ɗana. In azumi ne ya gabato, ko bai rage ko sisi ba gero zai tafi. Ya ba ka muƙaddima ɗaya ya ba ka natija, ta biyun ya haɗiye ta."

Kalmomin nan na ilimin manɗiƙi ne, wanda zaurukan ƙasar Hausa suka daɗe suna karantarwa. Al-Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya kare wannan fanni lokacin da Al-Suyuɗi na Masar ya haramta shi. Ƙaramin littafin da ɗalibai ke farawa da shi, Sullam na Al-Akhdari, wanda aka rubuta a ƙarni na 16, ya ambaci cewa akan bar wata muƙaddima ba a furta ba idan an ɗauka sananniya ce. 'Yandoto kuwa gari ne da ya yi suna da malamai tun kafin jihadi, malaman da suka yi jayayya da jama'ar Shehu Usmanu har rundunar Muhammadu Bello ta ci garin wajen 1806. Ko wane ɓangare mutum ya ga ya fi gaskiya a wannan tarihi, bin diddigin hujja tsohuwar sana'a ce a garin.

Abin da ma'aikacin ya gane a hanyarsa ta komawa Gusau ya fi wannan ɗaci. Tun daga firamare an koya masa ya girmama duk abin da aka buga da Turanci, ya haddace shi ya mayar wa malami. A kasuwa ko a teburinsa na banki, idan mai neman bashi ya kawo masa lissafin riba, nan take yake gano inda aka yi rufa-rufa. Amma da zarar magana ta zo a shafin jarrabawa sai ya karɓe ta kamar umarnin babba. Basirar tana nan, kunya ce ta ɗaure ta.

Sai ya sake tsari. Kowace tambaya ya fara raba ta uku kafin ya dubi zaɓin amsoshi biyar: me marubucin ke da'awa, da me ya kafa hujja, me ya ɗauka ba tare da ya faɗa ba. Idan tambayar na neman wannan ɓoyayyen zato, sai ya juya kowace amsa ya ga abin da zai faru. Wadda juya ta ya rushe maganar baki ɗaya, ita ce amsar. A misalin gero, da an ce wani abu dabam ya canja a kasuwar a watan, hujjar ɗan kasuwar ta faɗi.

A tambayoyin fahimtar nassi ya gano wata cuta dabam. Yakan zaɓi amsar da ya san gaskiya ce a duniya, alhali abin da nassin ya faɗa ake nema. Da yake ma'aikacin banki ne, nassin tattalin arziki ya fi kowanne yi masa tarko, domin yana cusa saninsa inda marubuci ya yi shiru. Ya kuma koyi lura da ƙananan kalmomi: bambancin "wasu" da "duk", da na "yana iya" da "dole". Amsar da ta zarce nassi da taki ɗaya kuskure ce, komai kyanta.

Littafin kalmomin nan ya koma littafin kurakurai. Tambaya goma yake yi a dare idan akwai caji a kwamfuta, sannan ya shafe fiye da lokacin da ya yi su yana rubuta da Hausa dalilin da ya sa kowace amsa mara kyau ta ja hankalinsa. Bayan wata guda sai ya ga kurakuran nasa ba su wuce iri uku ba, suna ta sake riga. A lokacin ne ya fara sa agogo, domin ƙasa da minti biyu ke ga kowace tambaya. Sabon tsarin yana barin mutum ya koma ya canja amsa uku a kowane sashe, don haka ya daina kafewa kan tambaya ɗaya har lokaci ya ƙure masa.

Makinsa a gwajin gida ya fara hawa a hankali, ba kamar yadda ya so ba, amma bai sake komawa baya ba. Ya biya kuɗin zama na uku. Ranar da ya je sallama, baffan ya miƙa masa tsohon kwafinsa na Sullam, gefen shafukan cike da sharhin Ajami, ya ce ya dawo masa da shi idan ya gama.