Cin Abinci a Ƙauyukan Ingila: Matambayiya Ba Ta Kwana da Yunwa

Yau tafiya za mu yi mai nisa, har ƙasar Ingila. Na san da yawa daga cikinku da an ce Ingila sai Landan ta faɗo muku a rai, da dogayen benaye da jajayen motocin safa. To a Landan ɗin, ko Biradfod, ko Lids, mai neman abincin halal ba ta da wata damuwa, don kusan kowace unguwa akwai shagon Bafakistane ko Baturke ko Balarabe. Amma da zarar kin bar birni kin nausa karkara, to labari ya sha bamban. Ga shi kuwa yanzu 'yan matanmu suna zuwa karatu can, wasu kuma aure ke kai su. Shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarin yadda cin abinci yake a ƙauyukansu, don wata rana zai yi wa wata amfani.

Yankin da na zaga shi ne na Yokshaya ta Arewa, musamman wurin da suke kira Yorkshire Dales. Kalmar dale ɗin a bakinsu kwari take nufi. Tun shekarar 1954 gwamnati ta keɓe shi a matsayin gandun ƙasa. Ke dai 'yar'uwa, Allah Ya yi halitta a nan. Tuddai kore shar, tumaki birjik, ga katangun dutse da aka jera ba siminti ba laka sun tsaga gonaki iya ganinki. In kin hau jirgin ƙasa daga Lids za ki bi ta Skipton da Settle, ki haye wata doguwar gada mai baka 24 da ake kira Ribblehead. In kin sauka a tashar Garsdale, ƙaramar mota za ta kai ki garin Hawes, wanda kasuwarsa ke ci ranar Talata.

Abu na farko da baƙuwa za ta fara karo da shi shi ne lokaci. A gida mun saba ko ƙarfe 11 na dare ne ba a rasa mai shayi ko mai tsire a bakin titi. Can kuwa ina! Yawancin wuraren abinci na ƙauye daga 12 na rana zuwa wajen 2 ko 2:30 suke ba da abincin rana, sai su kulle kicin. Da yamma su buɗe wajen ƙarfe 6, kafin 9 an tashi. Gidajen shayi su kam tun 4 ko 5 na yamma sun rufe ƙofa. Wasu ma ba sa dafa komai ranar Litinin ko Talata, musamman lokacin sanyi. Abin da ke ruɗar mutum shi ne rana: a watan Yuni sai bayan 9:30 na dare take faɗuwa, sai ki ga gari da haske ki zaci da sauran lokaci, ashe mai dafa abinci ya daɗe da tafiya gida. A Disamba kuwa kafin 4 na yamma duhu ya shiga. Saboda haka agogo ake kallo, kuma in ranar Lahadi ce ko lokacin hutu, sai an buga waya an kama tebur tun da wuri.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi damun irinmu. A ƙauyuka da dama, wurin cin abinci ɗaya tilo shi ne abin da suke kira pub, wato mashayar gari. Kada in ɓoye miki, ana sayar da giya a ciki. Sai dai a wurinsu wannan gida shi ne dandalin ƙauye: nan manomi ke zuwa bayan aiki, nan tsofaffi ke hira a gaban murhu, nan iyali ke kawo yara cin abincin Lahadi. Tun 1 ga Yuli, 2007 aka hana shan taba a cikin irin waɗannan wurare a Ingila, kuma da yawansu sun ware ɗakin cin abinci daban. Za ki ga karnuka kwance a ƙarƙashin tebur, don su kare ɗan gida ne, saboda haka ki kula da bakin zanenki ko abayarki. Maganar halaccin zama a irin wannan wuri kuwa, ta malamai ce, ki tambayi naki tun kafin ki bar gida. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba, tana da mafita: gidajen shayi, da shagunan gona masu ɗan wurin cin abinci, da masu soya kifi. Ni kaina su na fi zuwa, don hankalina ya fi kwanciya a can.

In kuwa ya kama kin shiga, to ga tsarinsu. Sau da yawa babu mai zuwa ya tambaye ki me za ki ci. Ke za ki nemi tebur, ki duba lambarsa, ki tafi kanta ki faɗi abin da kike so, ki biya nan take, sannan a kawo miki. Abincin ranar a allo suke rubuta shi da alli. Ruwan famfo kyauta ne in kin roƙa, doka ce a kan duk gidan da ke da lasisin sayar da giya, kuma ruwan mai tsabta ne. Ba a ƙwala wa mai sabis kira, ba a tafa masa hannu, ba a yi masa tsaki. Ido za ki haɗa da shi ki yi murmushi. Kalmar roƙo da ta godiya kuwa ba sa barin bakinsu, ke ma kada su bar naki.

Yanzu mu zo kan abincin kansa. Sarkin abincinsu shi ne gashin Lahadi. Nama ne ake gasawa guda, na sa ko na rago ko kaza ko alade, a yanka shi fale-fale, a haɗa da gasasshen dankalin turawa da karas da kabeji, a kwarara romo mai kauri. A gefe sai wani abu da suke alfahari da shi, Yorkshire pudding: ƙullin fulawa da ƙwai da madara ne, a zuba a cikin kitse mai zafi a gasa, ya kumbura ya yi rami a tsakiya kamar ƙaramar tasa. A da, shi ake fara ba mutanen gida da romo don ciki ya cika kafin a kawo nama, saboda nama tsada gare shi. Kun ga ashe dabarar uwargida ko'ina ɗaya ce.

Matsalar ita ce da wuya ki sami naman yankan Musulunci a ƙauye. Ko kin ce nama kin bar musu, akwai sauran tarko, kuma wannan ne nake so ki riƙe da kyau. Abin da suke kira black pudding, wanda ke zuwa a farantin karin kumallo, jini ne aka daskarar da hatsi da kitse, yawanci jinin alade. Duk inda kika ga ham, bacon ko gammon, alade ne. Miyar wake kore sau da yawa da naman alade ake dafa ta. Ɓawon fulawar da suke naɗe nama ko kayan zaƙi a ciki, wani da man alade ake kwaɓa shi, sunansa lard. Kalmar ale ko beer ko cider ko sherry a cikin sunan abinci tana nufin an zuba barasa. Romon ma wani lokaci ana ɗiga masa giyar inabi. Hatta dankalin, wasu da kitsen dabba suke gasa shi.

Doka ta tilasta wa masu sayar da abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane ciwo, irin su gyaɗa, madara, ƙwai, kifi da riɗi. Amma ki sani naman alade da barasa ba sa cikin jerin nan. Don haka takarda ba za ta gaya miki ba, sai kin buɗe baki. Wallahi kunya ba ta da amfani a nan. Su mutane ne da suka saba da irin wannan tambaya, kullum ana yi musu ita, mai sabis zai shiga kicin ya tambayo ya dawo miki da amsa ba tare da ya ɓata rai ba. Wata dabarar kuma, ki nemi harafin V a gefen sunan abinci, alama ce ta babu nama babu kifi. Duk da haka ki ƙara tambayar barasa, don V ba ta hana ta.

To me ya rage a ci? Da yawa, 'yar'uwa! Akwai babban dankali gasasshe da ɓawonsa, a tsaga shi a cusa bota da cuku da wake, ko kifin gwangwani. Akwai miyar kayan lambu mai zafi da burodi. Akwai kifin kogi gasasshe. Sannan ga cuku. Garin Hawes ya yi suna da cukun Wensleydale, fari ne mai rugurgujewa, da ɗan tsami-tsami kamar kindirmo. Ba irin busasshen cukun Buzaye da muka sani ba ne, wannan laushi gare shi. Wasu sufayen Kirista da suka zo daga Faransa a ƙarni na 12 su suka kawo sana'ar. A 1992 aka rufe masana'antar da ke Hawes, amma cikin 'yan watanni wasu tsofaffin manajojinta suka saye ta suka sake buɗewa. Yau baƙi na zuwa kallon yadda ake yin sa, su ɗanɗana kafin su saya. Mutanen yankin da kek mai busassun 'ya'yan itace suke cin sa, amma ki tambaya, don irin kek ɗin nan wani ana jiƙa shi da barasa.

Gidan shayi kuwa, nan ne mace za ta sake. Za a kawo miki buta guda, da madara mai sanyi a ɗan kofi daban, da wani ɗan burodi da ake kira scone, a tsaga shi a shafa jam da kirim mai kauri. Akwai parkin, kek ɗin citta da hatsi mai danƙo, wanda suka fi ci a farkon Nuwamba. Akwai kuma sticky toffee pudding, wanda da dabino ake yin sa, a kwarara masa narkakken sukari da bota, ke sai kin lashe cokali. Mafi shahara a gidajen shayin yankin shi ne Bettys na garin Harrogate, wanda wani mutumin Suwizalan, Frederick Belmont, ya buɗe a 1919. Sau da yawa layi ake bi a waje kafin a sami kujera. Wani abin dariya, a Yokshaya in an gayyace ki "shayi" da yamma, to tuwon dare ake nufi, kada ki ƙoshi kafin ki je.

In kin sami dama ki bar tuddan nan ki yi gabas har bakin teku, za ki isa Whitby, garin masunta, mai matakala 199 da ke hawa zuwa kangon wani tsohon gidan ibada. Nan ne gidan soyayyen kifi da dankali. Kifin fari ne, ba ƙaya, a tsoma shi a ƙullin fulawa a soya, a barbaɗa gishiri. Tambaya biyu za ki yi: da wane mai aka soya, don a Yokshaya da yawa kitsen sa suke amfani da shi, sannan ko an zuba giya a ƙullin. In kin fito da shi waje kuma ki rufe da kyau, tsuntsayen tekun nan sun fi shirwa iya fizge.

Kafin mu baro tuddan na so in ambaci Tan Hill Inn, masaukin da ya fi kowace mashaya bisa a Birtaniya, ƙafa 1,732 daga doron teku, shi kaɗai a tsakiyar fili ba maƙwabci. A Nuwamban 2021 dusar ƙanƙara ta toshe hanya, mutum wajen 60 suka kwana uku a ciki, ana dafa musu abinci har aka buɗe hanya. Wannan zai nuna miki dalilin da ya sa abincinsu ke da nauyi da maiƙo: abincin masu sanyi ne da aikin ƙarfi.

Gaskiya ɗaya ita ce harshen Bahaushiya zai ji shi lami. Ba attaruhu, ba daddawa, gishiri ma kaɗan. Ni da ɗan ƙullin yajina nake yawo a jaka, in barbaɗa a hankali, ba wanda ya taɓa ce min don me. Amma ki fara ɗanɗanawa tukuna, don madararsu da botarsu da dankalinsu suna da daɗin kansu. In kin gama, ki jera wuƙa da cokali mai yatsu wuri ɗaya a kan faranti, alamar kin ƙoshi ke nan. In a tebur aka yi miki hidima, tukuicin kashi 10 cikin 100 ya wadatar, sai dai ki duba takardar kuɗin, wasu sun riga sun saka shi a ciki. Tun Oktoban 2024 doka ta ce kuɗin nan na ma'aikata ne gaba ɗaya, mai gida ba shi da kaso.

Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi ganye ka ɗaura. Wannan gaskiya ne a wajen bin layi, da kiyaye lokaci, da sassauta murya. Amma abin da zai shiga cikinki, wannan ke ce za ki amsa tambayarsa gobe kiyama. Ki yi tambaya da fara'a, ki ci abin da ya halatta, ki yi godiya. Na ga 'yan mata da suka yini da biskit a jaka saboda tsoron tambaya, na kuma ga waɗanda suka ci abin da suka zo suna nadama saboda kunya. Allah Ya sa ke ba kya cikin ko ɗaya.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.