A Ingila, Likita Kan Ajiye Lasisinsa Ranar da Ya Ajiye Aiki

A Manchester na sauka gidan wani dattijo Bazazzagi, abokin mahaifina, wanda ya tsufa yana duba marasa lafiya a asibitocin gwamnatin Birtaniya. Sanyin garin ya tayar mini da tari, na ce, "Baba, a rubuta mini magani mana." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai ba ni da hurumi. Na mayar musu da lasisinsu." Kantin magani ya raka ni.

Abin ya ɗaure mini kai, don a wajenmu likita ba ya ritaya. Ya bar asibiti ne kawai, zaurensa ya zama sabon asibitin unguwa, ana kawo masa jariri mai zazzaɓi da tsohuwa mai hawan jini har ƙarfinsa ya ƙare.

A can hukumar likitoci ta GMC, wadda aka kafa a 1858, ita ke riƙe da sunayen likitocin ƙasar. Tun Nuwamban 2009 ta raba rajista da lasisin aiki. Mai ritaya yana iya barin sunansa a rajista ya ajiye lasisin, ya riƙa biyan kuɗin shekara mai sauƙi, kamar yadda mai masaukina ya yi. Wasu kuma su nemi a share sunansu baki ɗaya. Ko wanne mutum ya zaɓa, daga ranar ba zai sake rubuta takardar magani ko ya sa hannu a takardar shaidar mutuwa ba. Ana ci gaba da ce masa Dakta, kuma in wani ya yanke jiki ya faɗi a gabansa ba a hana shi ceton rai ba.

To me zai hana ya riƙe lasisin? Wahalarsa. Tun Disamban 2012 dole kowane mai lasisi ya zauna duk shekara da wani likita a bi diddigin aikinsa da karatun da ya ƙara da ƙorafin da aka yi a kansa, sannan duk shekara 5 a sake tantance shi. Mai aiki, asibitinsa ne ke shirya masa wannan. Wanda ba ya ƙarƙashin kowa shi zai nemi mai duba shi, ya biya daga aljihunsa, har jarrabawa ana iya sa shi ya zauna. Dattijon da ke son ya huta da jikokinsa ba zai ɗauki wannan kaya ba.

Tsananin yana da tushe, kuma tushen ba nisa da inda na kwana. A Hyde, nan gefen Manchester, likita Harold Shipman ya yi aiki. A 2000 kotu ta same shi da laifin kashe mutum 15 daga cikin marasa lafiyarsa, binciken da Dame Janet Smith ta jagoranta kuma ya gano waɗanda ya kashe sun haura 200. Rahotonta ya soki GMC ƙwarai, ya sa aka ƙara ɗaure tsarin tantancewar da ake shiryawa.

A ganina sun yi daidai, don magunguna suna canzawa, ido da hannu suna rauni, farin gashi kuma ba shaidar ilimin yau ba ne. Amma akwai asara. Da korona ta ɓarke a 2020, GMC da kanta ta mayar wa dubban likitocin da suka bar aiki lasisin wucin gadi, aka roƙe su su dawo.

Likitocinmu da ke can masu niyyar dawowa gida su duba jama'a bayan ritaya, ku nemi takardar shaidar kyakkyawan aiki daga GMC kafin ku taso, ku kuma sabunta lasisinku na hukumar likitocin Najeriya, MDCN. Lasisin Ingila ba ya aiki a Kano.