Yamai, Damagaram ko Sakkwato: ina ɗan Tibiri zai karanta tarihi?

Duk shekara idan sakamakon bak ya fito, mu da muka riga muka shiga jami'a sai mu koma masu ba da shawara, ko muna so ko ba mu so. Ka zo hutu gida don ka ɗan sarara, sai ƙanne su yi maka layi da takardunsu. Mai son likita ko lauya ba ya ba ni wahala, don hanyarsa a shimfiɗe take. Wanda ke sa ni dogon tunani shi ne mai son tarihi, kuma bana a cikin gidanmu aka same shi: ɗiyar baffana ta ci bak A4, ta kafe a kan tarihi za ta karanta, kuma tarihin Arewa take so ta sani.

Ni ba ɗalibin tarihi ba ne, kimiyyar harshe nake yi a Yamai. Amma fakilte ɗaya muke da ƴan tarihi, layin fotokopi ɗaya muke bi, muna kuma gardama da su kusan kullum. Don haka ku ɗauki wannan a matsayin maganar maƙwabci.

Jami'o'in da za a cire daga lissafi ba su da wuyar ganewa. Ta Doso ce ta fi kusa da mu, kuma ita iyaye suka fi so, amma ta karkata ne wajen fasaha da aikin kwamfuta. Ta Maraɗi kimiyya ce da noma da lafiya. Ta Tawa tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, wanda ya rubuta tarihin Adar, amma an fi saninta da shari'a da tattalin arziki da horar da malamai. Saura uku ke nan: Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, Jami'ar André Salifou a Damagaram, sai Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ga wanda zai iya ƙetara iyaka.

Da aka kai maganar gaban baffa, cewa ya yi: "Mi za ta ci da tarihi? Tarihi ai gida muke da shi. Ta zamna wajen kakatta ta ji, ba sai an biya kuɗin mota ba." Aka yi dariya. Ni dai ban ga abin dariya sosai ba, don akwai gaskiya a ciki, sai dai rabi ce. Tsohuwar ta san abin da babu shi a kowane littafi. Amma akwai abin da aka rubuta a kanmu wanda ita ba ta taɓa ji ba, kuma an watsa shi a ƙasashe daban-daban, cikin harsuna daban-daban.

A nan ne nake ganin mu ƴan Tibiri lissafinmu ya bambanta da na ɗan Tilaberi ko ɗan Difa. A watan Yuni na 1898 Faransa da Ingila suka sa hannu a yarjejeniyar raba ƙasa, suka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, suka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Tibiri tana ciki. Wato a takarda mun taɓa zama rabon Ingilishi, sai da yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka gyara layin sannan muka faɗa hannun Faransa. Kafin zuwan Turawa ma fuskarmu ba yamma kaɗai take kallo ba. Tun daga tawayen Yakubu Nabame a 1849, Kabawan Argungu da Zabarmawa da Arawa suka haɗa kai suna yaƙi da Gwandu, kuma a wannan zamanin ne ake ambaton Samna Karhe na Tibiri tare da Isa Korombe. To wa ya rubuta labarin waɗannan yaƙe-yaƙe? Malaman Sakkwato da Gwandu sun rubuta nasu ɓangaren da Larabci. Jami'an Ingila sun rubuta nasu da Ingilishi, yana ajiye a ma'ajiyar takardu ta Kaduna. Kwamandojin Faransa sun rubuta nasu, wani yana Yamai, wani yana Dakar, wani yana can Aix-en-Provence. Mu kuma namu yana bakin maroƙa da tsofaffi.

Ku dubi Sarauniya Mangu kaɗai. Kowane yaro ya san ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a Lugu a watan Afrilu na 1899. Amma yawancin abin da muke maimaitawa ya fito ne daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986, kuma dukansu aikin adabi ne, marubuci yana da ikon ƙarawa da ragewa. Mai son sanin abin da ya faru sai ya ajiye rahoton sojan Faransa a gefe ɗaya, abin da mutanen Lugu ke faɗi a ɗaya gefen, ya auna. Aikin da ake koyo a sashen tarihi ke nan, ba haddar shekaru ba.

(Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a matsayina na ɗalibin harshe: hatta sunan da littattafai suka san mu da shi, Mawuri, daga bakin Zabarmawa aka ɗauko shi. Mu Arawa muke kiran kanmu, ga kuma Gubawa da aka tarar a ƙasar. Babban littafin Marc-Henri Piault na 1970 sunansa Histoire mawri. Ɗalibin da ya je laburare yana neman "Arawa" zai iya dawowa hannu rabbana, alhali littafin yana gabansa.)

Saboda haka tambayar da na yi wa ƙanwata ba ta sunan jami'a ba ce. Na ce mata: wane harshe kike iya karantawa yau, kuma wane kike shirye ki koya?

Yamai tana da abin da sauran ba su da shi, kuma mafi yawansa ba a cikin aji yake ba. Jami'ar ta faro a 1971, ita ce uwa, sashen tarihinta ya fi na kowa daɗewa a ƙasar. Amma abin da ya fi ja na shi ne maƙwabtanta. Akwai IRSH, inda aka tara rubuce-rubucen Larabci da ajami waɗanda Boubou Hama ya fara tattarawa. Akwai CELHTO, cibiyar da aka kafa a 1968 musamman don tarihin baka, wadda ta naɗi muryoyin tsofaffin da suka daɗe da rasuwa. Ga ma'ajiyar takardu ta ƙasa, ga gidan tarihi. Ɗalibin da ke kwana a Harobanda, gada kawai zai ƙetara. Abin mamaki, da yawa suna gama lisans ba su taɓa leƙa ko ɗaya ba, sun tsaya ga takardun da malam ya raba. Wanda zai yi haka, gaskiya ko ina ya je ɗaya ne.

Damagaram ba abin rainawa ba ce. Gari ne da tarihi ke tsaye da ƙafarsa: fadar Sarkin Damagaram, unguwar Birni, kuma nan ce hedikwatar mulkin mallaka kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Hausa ake yi ko'ina, ɗan Arewa ba zai ji baƙunta ba. Wanda zuciyarsa ke wajen Borno, fataucin Sahara ko sarautun gabas, can ya dace da shi. Amma daga nan tafiyar yini ce cur a mota, kuma duk takardar da ta shafi Dallol Mawuri sai ka sake juyowa yamma nemanta. Ga yarinyar da ba mu da kowa a garin, baffa bai ma bari an ƙarasa zancen ba.

Sakkwato ce ta fi ba ni wahalar yanke hukunci, don zuciyata tana sonta. Ta fi Yamai kusa da mu. Jami'arta tun 1975 take, garin cike yake da littattafan jihadi, ga cibiyar tarihi mai sunan Waziri Junaidu, ga Argungu da gidan tarihin Kanta a kan hanya. Sai dai karatun da Ingilishi ne, Ingilishin lise kuma ba ya isa a rubuta jarrabawa da shi. Digirin shekara 4 ne, namu lisans shekara 3. Sai ka bi ka'idojin shigarsu, in ka dawo kuma ka nemi a daidaita maka takardar kafin ka shiga gasar ɗaukar aiki. Sannan mun ga abin da ya faru bayan 26 ga Yuli 2023: aka rufe iyaka wata da watanni, masu karatu a can da iyayensu suka rasa yadda za su yi. Talaka ba ya ɗora karatun ɗiyarsa a kan ƙofar da wani zai iya rufewa da safe.

Tambayar baffa ta "mi za ta ci" ita ma tana da amsa, ko da ba mai daɗi ba ce. Mafi yawan masu lisans na tarihi aji suke komawa, su koyar da tarihi da labarin ƙasa a CEG ko lise. Kaɗan ne ke kaiwa ga bincike, wasu su faɗa aikin jarida ko ma'ajiyar takardu. Na faɗa mata haka ƙarara a gabansa. Ta ce ta ji, kuma koyarwa ba abin kunya ba ne.

Shawarar da na bayar ita ce Yamai don lisans, tunda akwai gwaggo a can da za ta zauna wajenta, Sakkwato kuma a bar ta sai lokacin masta, in Allah ya kai mu, bayan Ingilishinta ya nuna. Na haɗa mata da sharaɗi biyu. Ta koma wajen malamin allonta ta gyara karatun ajami, don dokar da aka kafa a 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, amma ba ta sa kowa ya iya karanta rubutun kakanninsa ba. Na biyu, kafin a koma makaranta ta ɗauki salula ta zauna wajen kaka, kamar yadda baffa ya ce, ta naɗi duk abin da tsohuwar za ta faɗa, ta rubuta ranar da wurin, ta kuma tambaye ta daga bakin wa ta ji. Na yi alkawarin koya mata yadda ake rubuta Arewanci yadda aka faɗe shi, ba tare da an mayar da shi Kananci ba.