Shinkafa da Miyar Kori a Tokyo

Abin da ya fi tsaya mini a rai a zamana na Tokyo shi ne gidajen abinci masu araha da ke kusa da tashoshin jirgin ƙasa, irin su CoCo Ichibanya da Matsuya da Sukiya. A ganina babu inda ya kai su rufa wa baƙo asiri a birnin. A Matsuya ba sai ka iya yaren ba: ga na'ura mai hotunan abinci, ka danna, ka biya, ta ba ka tikiti. Ba a jimawa sai ga faranti, farar shinkafa mai danƙo a gefe guda, miyar kori mai kauri a ɗaya gefen, ga kuma cokali maimakon tsinkayen nan biyu masu ba baƙo kunya. Wanda ya tashi da shinkafa da miya ba a koya masa cin wannan. Abin da dai raina bai taɓa so ba shi ne yadda kowa ke sunkuyar da kai shi kaɗai, ba mai ce wa na kusa da shi bismilla.

Wasu na cewa wanda ya ƙare a irin waɗannan wurare bai ci abincin Japan ba. Ban yarda ba. Gaskiya ne Turawan Ingila ne suka kai wa mutanen Japan kori daga Indiya a zamanin Meiji, wanda ya fara a 1868, amma tuni ya zama abincin gida, har sojojin ruwansu shi suke ci duk Juma'a. CoCo Ichibanya ya fara ne a 1978 kusa da Nagoya, yau rassansa sun haura 1,000, kuma masu cika kujerunsa 'yan ƙasa ne, ma'aikata da ɗalibai.

Ƙorafin da ke da nauyi shi ne na halal, kuma ba na raina shi. Miyar da aka saba zubawa a CoCo Ichibanya da naman alade ake haɗa ta, saboda haka ko kaza ko kifi aka ɗora maka a kai, matsalar tana cikin miyar. Suna da wata ta kayan lambu wadda ba nama a cikinta, sai dai soyayyen abin da ake ɗorawa ma abin bincike ne. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya nufi unguwar Shin-Okubo, inda shagunan halal suke. Ɗan'uwa mai shirin zuwa, ka tambayi abin da ke cikin miyar kafin ka biya kuɗi.