Layuka Shida na Manganis: Kundin Mako Guda a Birnin Kudu da Gwaram

Litinin, Birnin Kudu
Sakamakon awo ya iso da hantsi daga ɗakin gwajin da muka aika wa kiristal ɗinmu a ƙasar waje. ZnGeP2 ne, wato zinki da jamaniyam da fosfaras, an cuɗa shi da ɗan manganis. Ginin zarrarsa irin na kalkofirait ne, dutsen nan mai ƙyallin zinariya da ake narko jan ƙarfe daga cikinsa. A tsakiyar takardar ga layuka shida sun jeru reras. Alhamdu lillahi, manganis ya shiga.

Talata
Yinin yau kan layukan nan ya ƙare. Na'urar EPR tana sa kiristal a tsakanin maganaɗisu mai ƙarfin kusan tesla 0.34, ta haska masa maikurowef mai gigahaz 9.5. Ana ƙara ƙarfin maganaɗisun a hankali, har elektiron ɗin manganis su sha hasken su juya. Cibiyar zarrar manganis fuska shida take iya kallo a cikin maganaɗisu, shi ya sa layi ɗaya ya rabu shida. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce zancen. A dutsen kalsait takan kai militesla 9, a kiristal mai fosfaras kuwa ta sauko wajen 6, domin a can manganis yana raba elektiron ɗinsa da maƙwabta sosai. Idan aka juya kiristal ɗin, sauran layukan gefe su gusa, daga nan a gane kujerar da baƙon, wato manganis, ya zauna. Yevgeny Zavoisky ya gano wannan dabara a Kazan a 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma gishirin manganis na cikin abin da ya fara gwadawa.

Laraba, Gwaram
Wani tsohon ɗalibina yana haɗa sola a rijiyar burtsatse, na je gani. Farantansa na silikon ne. Na gaya masa akwai wasu na CIGS, dangin kalkofirait, waɗanda a Jami'ar Uppsala ta Suwidin aka kai su ga mayar da kashi 23.6 cikin ɗari na hasken rana lantarki a 2023.
Ya ce, "Malam, to me ya sa kuke zuba wa kiristal datti da gangan?"
Na ce, "Ɗana, kamar gishiri ne a miya. Farantin da ke hannunka ma ba zai ba da wuta ba sai da aka sa masa boron da fosfaras."
Ya yi shiru, sannan ya nemi in turo masa takardu. Irin waɗannan yaran nake so in gani a ɗakin gwaji.

Alhamis, Birnin Kudu
Na koma kan rigimar da ta jawo ni fagen. A 2000 Medvedkin da abokan aikinsa a Tokyo suka ba da rahoton cewa CdGeP2 mai manganis yana zama maganaɗisu a zafin ɗaki. Murna ta yi yawa, don semikondokta mai maganaɗisu zai haɗa lissafi da ajiyar bayanai a guntu ɗaya. Daga baya shakka ta taso: manganis da fosfaras kan dunƙule su zama MnP, wanda da ma maganaɗisu ne har zuwa kusan digiri 18 na ma'aunin Salsiyos. A ganina duk wanda zai yi wannan iƙirari ya fara nuna takardar EPR. Manganis da ya warwatsu layuka sirara yake bayarwa. Wanda ya taru wuri ɗaya, layi ɗaya mai faɗi.

Juma'a
Bayan masallaci na rubuta takardar neman awo a Cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Tukunyar nukiliyarsu, NIRR-1, tana aiki tun 2004, kuma za ta faɗi yawan manganis da ke cikin kiristal daidai. Inda ya zauna kuwa, wannan aikin EPR ne. Ina roƙon hukumar TETFund ta sayi na'urar EPR ɗaya, ta ɗauki nauyin ma'aikacin da zai kula da ita, jami'o'in Dutse da Kano da Zariya su riƙa amfani da ita tare.