Akwatin da na ƙi sayarwa

A shekarar 2016, daf da azumi, aka sauke mana kwantena a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Ni da yayana muke haɗa jari, muna kawo kayan sauti na hannu daga Amurka: lasifika, amfilifaya, makirufo, irin abin da masallatai da coci-coci da masu hayar kayan biki suke nema. Duk wanda ya san wannan harka ya san kwantena ba ta rasa tarkacen da ba ka yi oda ba, wanda ake cusawa don cike gurbi. A cikin tarkacen wannan karon akwai wani baƙin akwati mai nauyin tsiya, ya kusa rabin buhun siminti. Da yara suka buɗe sai muka ga ƙafafu huɗu na ƙarfe, da wasu siraran sanduna, da feda uku kamar na mota. Yaron shagonmu ya ce injin saƙa ne. Da muka kifo shi muka ga tsirkiya goma a shimfiɗe a kan katako, sai muka yi shiru. Aka tura shi ƙarƙashin kanta.

Bayan sallah wani abokin cinikinmu Bayarabe da ke zuwa daga Legas ya hango shi. Ya tsuguna, ya shafa, ya ce, "Alhaji, ka san abin da ka ajiye kuwa? Wannan ita ce jitar da ake kaɗa wa Sunny Ade." Ya zaro waya ya kunna mini. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, don na san muryar nan tun ina yaro, sunanta ne ban sani ba. Lokacin da Baba yake ɗora ni a gaban babbar mota daga Kwatano mu bi Parakou har Malanville mu tsallaka Gaya, direbobin hanyar nan kaset ɗin Don Williams suke sakawa dare da rana. Ba na jin ko kalma ɗaya ta Turancin, amma akwai wani sauti a bayan muryarsa mai zamewa kamar kuka, shi nake jira. Ashe abin da ke yin wannan kukan ne yake kwance a ƙarƙashin kantata.

Mutumin ya taya jaka ɗari biyu da hamsin nan take. Na ce masa sai na gyara tukuna, ba na sayar da kayan da ban gwada ba. Gaskiya ce, amma rabin gaskiya. Raina ne ya riga ya kama.

Sunanta fedal sitil, wato jitar ƙarfe mai feda. Ba a rungume ta kamar sauran jita, a zaune ake kaɗa ta kamar mai ɗinki a gaban kekensa. Hannun hagu yana riƙe da guntun ƙarfe mai santsi, ana zame shi a kan tsirkiyoyi. A hannun dama ana sa farcen roba a babban yatsa, na ƙarfe a yatsu biyu. Ƙafar hagu tana taka feda, ta dama tana kan wata feda dabam mai ƙara sauti da rage shi, gwiwoyi kuma suna tura wasu ƙarafa da ke reto a ƙasa. Asalinta daga tsibirin Hawai ne, inda wani saurayi Joseph Kekuku ya fara kwantar da jita a cinya yana zame ƙarfe a kanta a ƙarshen ƙarni na 19, shi ya sa a Legas har yau wasu suke ce mata Hawayan. Amurkawa ne suka ƙara mata ƙafafu da feda.

Farkon abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wuta. A kwantenar akwai amfilifayarta, yaro ya soka ta kai tsaye, sai ƙauri. Kayan Amurka na wuta 110 ne, tamu 220 ce, abin da kullum nake faɗa wa masu saye, ga shi ya faru a shagona. Allah ya taimaka fis ne da wasu ƙananan abubuwa suka ƙone. Na gyara, na haɗa ta da taransifoma mai rage wuta. Da na kunna sai wani gurnani ya cika shago, ko tsirkiya ban taɓa ba.

A nan sana'ata ta yi mini rana. A ƙarshen tsirkiyoyi ta hannun dama akwai abin da masu harkar suke kira fikof, ni kunne nake ce masa. Maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi, naɗi dubbai. Idan tsirkiya ta girgiza a kansa sai ya haifi ƴar ƙaramar wuta, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Na sa mita, ya ba ni wajen om dubu 18, ke nan naɗin bai tsinke ba. Na bi wayoyi na tarar wayar ƙasa ta ɓalle, na like ta da dalma, gurnanin ya ragu amma bai tafi ba. Dalili shi ne kunnen mai naɗi ɗaya ne, irin wannan kuwa duk abin da ke kusa yana ji: doguwar fitila, sitabilaiza, janareton maƙwabci. Idan na juya jitar gabas ya ƙaru, na juya kudu ya ragu. Daga baya na sa aka kawo mini mai naɗi biyu, wanda ake naɗe ɗaya sabanin ɗaya don gurnanin wannan ya kashe na wancan. Shiru ya samu, sai dai kaifin muryar ya ɗan dushe, kamar an sa mata mayafi. Har yanzu tsohon yana nannaɗe a tsumma, duk ranar da na yi marmarin kaifin nan ina mayar da shi. Na kuma koyi cewa tazarar kunne da tsirkiya tana da muhimmanci: kaurin kwabbai biyu a haɗe ya isa. Ya matso sosai sauti ya yi kaushi, ya yi nisa ya yi rauni.

Sai saiti, wanda ya ci mini wata uku. Saitin da aka fi amfani da shi ana ce masa E9. Daga tsirkiya ta ɗaya, wadda ta fi nisa da cikinka, zuwa ta goma: F#, D#, G#, E, B, G#, F#, E, D, B. Fedar farko tana ɗaga tsirkiya ta 5 da ta 10 daga B zuwa C#. Ta biyu tana ɗaga ta 3 da ta 6 daga G# zuwa A. Ka taka su biyun tare, gaba ɗaya sautin ya tashi daga E ya koma A, ƙarfen hannunka bai motsa ko taƙi ba. Idan ka taka a hankali tsirkiya tana cikin amo, wasu muryoyi su tsaya cik wasu su hau, to wannan shi ne kukan da nake ji a hanyar Gaya. Ranar da ya fara fitowa daga ƙafata, sai da na tashi na zagaya shago.

Saitin hawa biyu ne. Ka fara ɗaure tsirkiyoyi a makullan hagu ba tare da ka taka komai ba. Sannan ka taka kowace feda, ka gyara inda take kaiwa da ƙananan notinan roba da ke gefen dama. Ni da farko juya abin nake yi, in gyara nan in ɓata can. Wani abin mamaki kuma, idan na bi manhajar saiti ta waya daidai wa daida, G# sai ta riƙa yi mini tsami a kunne. Sai ka sassauta ta kaɗan ƙasa da abin da allura ta nuna kafin ta zauna lafiya da E, kuma haka manyan masu kaɗawa da yawa suke yi. Tsirkiya ta uku kuwa ita ce uwar asara. Kaurinta 0.011 na inci, kullum ana ja ana saki, ba ta daɗewa take tsinkewa. Ga iskar teku ta Kwatano mai gishiri, kwana biyu ba ka goge ba tsatsa ta kama. Yanzu dozin nake sa a sayo mini ita kaɗai.

Layukan da aka zana a ƙarƙashin tsirkiyoyi alama ce kawai, tsirkiya ba ta taɓa su. Kunnenka ne alƙali, kamar mai goge ko mai kukuma. Ina jin shi ya sa Bahaushe ba ya jin sautin nan a matsayin baƙo.

Da dare nake bin masu abin ina saurare. Bud Isaacs shi ne wanda ya taka feda ana cikin amo a waƙar Webb Pierce mai suna "Slowly", wadda ta yi tashe a 1954, daga nan kowa ya bazama neman feda. Buddy Emmons ya raba fedar nan gida biyu, ya kuma shiga ƙera jitar da kansa. Ya rasu a 2015, shekarar da muka rasa Ɗan Maraya Jos. Lloyd Green, wanda ya kaɗa a fayafayan Don Williams na farko, shi ne ya fi kwanta mini, don ba ya cika surutu, sai mawaƙi ya numfasa yake sa baki. Amma wanda nake ji kamar ɗan gida shi ne Demola Adepoju na ƙungiyar Sunny Ade. Faifansu "Juju Music" na 1982 a nan kusa da mu aka ɗauke shi, a Lome. Shi ya ɗora jitar a kan gangunan Yarabawa ta zauna daram, kuma shi Paul Simon ya sa a waƙarsa "Graceland" ta 1986.

Duk wannan a ɓoye nake yi, bayan an rufe shago. Rana dubu ta ɓarawo. Wani dare Yaya ya dawo ɗaukar littafin bashi ya same ni da farata a yatsu. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Kayan jari ne ka mayar abin wasa? Babanmu goro ya sayar har ya koma ga Allah. Ba mu gaji kiɗa ba, ba mu gaji roƙo ba. Kana da ƴa da ake nema, so kake a ce ɗiyar makaɗi ce?"

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ban roƙi kowa ba."

Ya ce, "Mutane ba sa tambayar wannan."

Maganarsa ta tabbata. Zango ba ta da sirri, kafin wata guda labari ya kai gidan masu neman ƴata, aka ji sun yi sanyi. Maiɗakina ta kwana uku ba ta yi mini doguwar magana ba. A na huɗu ta ce, "Alhaji, ni ban ce haramun kake yi ba, wannan tsakaninka da malamai ne, su ma na ji ba bakinsu ɗaya ba. Amma idan auren yarinyar nan ya lalace saboda ƙarfe, ba zan manta ba." Daren nan na kwance ƙafafun jitar na mayar da ita akwati, na nemo lambar mutumin Legas. Na kalli lambar har aka kira assalatu ban buga ba.

Abin da na yi da safe shi ne na je wajen Yaya da jaka ɗari da ashirin da biyar, rabonsa na kuɗin da aka taya, daga aljihuna. Na ce a rubuta a littafi an sayar, ni na saya. Ya karɓa ya rubuta. Sannan na roƙe shi ya raka ni wajen kawun yaron, wanda shi ne mai faɗa a gidansu. Na gaya wa dattijon komai ba tare da kwana-kwana ba: ina kaɗawa a ɗakina, ban taɓa zuwa biki ba, ban taɓa karɓar sisin kowa ba, ba na taɓa ta da azumi, kuma ba ta taɓa hana ni jam'i ba. Na ce gara ya ji daga bakina da ya ji a bakin kasuwa. Ya daɗe yana jan carbi, ya ce, "Mun ji, Alhaji. Za mu yi shawara." Shawarar nan wata huɗu ta ɗauka, kuma a cikinsu ban buɗe akwatin ba ko sau ɗaya. Daga ƙarshe suka aiko da kayan sa rana. Yau jikokina biyu a gidan.

Ban ce kowa ya yi yadda na yi ba. Da auren ya fasa, ban san da wane ido zan kalli ƴata ba, kuma na san Yaya don kare mutuncin gida ya yi magana. Inda na yi kuskure tun farko shi ne riƙe kayan haɗaka ina cewa gyara nake yi. Da na biya shi tun ranar da raina ya kama, da rabin rigimar ba ta taso ba. Wannan kam duk mai kasuwanci da ɗan'uwa ya kiyaye.

Yanzu jitar tana ɗakin ciki, da abin sawa a kunne nake kaɗawa bayan isha'i, sharaɗin da Hajiya ta kafa ke nan. Hannuna bai kai ko'ina ba, waƙa huɗu zuwa biyar nake iya bi ba tare da na ɓata ba, kuma kashe amon tsirkiya da gefen tafin hannu har yau yana ba ni wuya. Yaya bai taɓa shiga ɗakin ba, ni ma ban taɓa gayyatarsa ba. Sai dai bara da ya je Legas ya dawo ya ajiye mini wata ƴar ambulan a kan kanta, ya wuce bai ce komai ba. Tsirkiya ce, lamba 11, guda shida.

Ƴan'uwa masu sauke kwantena, idan kuka ci karo da irin akwatin nan kada ku sayar wa masu gwangwan a kilo. Ku ƙirga sandunan fedar su cika, don samun madadinsu a nan aiki ne, ku ajiye shi nesa da danshi, kuma ku duba bayan amfilifayar kafin yaro ya soka ta a wuta.